Ku Daina Laƙaba Wa Matan Salem Maitar Da Suka Mutu Suna Musantawa

A kasuwar littattafan Turawa yanzu mayya ce tauraruwa. A The Once and Future Witches na Alix E. Harrow (2020), 'yan'uwa mata uku ne a shekarar 1893 suke farfaɗo da tsafi don neman 'yancin jefa ƙuri'a. A Weyward na Emilia Hart (2023), baiwar ɓoye ce mata suke gadar wa juna tun daga 1619. Masu sharhi sai tafi suke yi, wai an share wa matan da aka zalunta hawaye. Ni ban ga hawayen da aka share ba. Abin da na gani shi ne an sake zama kotu, an tabbatar da tuhumar, sannan aka ce yabo ne.

Mu koma Salem ta Amurka a 1692. Mutum 19 aka rataye kan zargin maita, mata 14 da maza 5. Akwai 'yan'uwa uku na gaske, uwa ɗaya uba ɗaya: Rebecca Nurse, Mary Easty da Sarah Cloyce. Rebecca tsohuwa ce mai shekara 71, kunnenta ma ya yi nauyi, kowa ya san ta da ibada. An rataye ta a watan Yuli, Mary a Satumba, Sarah kuma ta tsira bayan ta sha ɗauri. A wannan shari'a, wanda ya amsa cewa shi maye ne yakan tsira daga igiya. Su suka ƙi amsawa. Jarumtarsu ke nan: sun zaɓi mutuwa a kan su yi wa kansu ƙarya. Marubuciyar da ta miƙa wa irin waɗannan mata sihiri na gaske ta ƙwace musu abin da suka biya da ransu.

Zumuncin matan da ake ƙawata labaran da shi ma bai cika haka ba. 'Yan mata ne, irin su Abigail Williams da Ann Putnam, suka riƙa faɗuwa suna shure-shure suna nuna yatsa. Sai a 1706 Ann ta nemi gafara a bainar jama'a. Maƙwabciya ta kai ƙarar maƙwabciya kan saniyar da ta mutu ko jaririn da ya kwanta ciwo. Gaskiya ne alƙalai maza ne, kuma mafi yawan dubban da aka kashe a Turai kan zargin maita mata ne. Amma labarin da ya tara mugunta duka a ɓangare guda ba zai koya mana yadda ƙazafi yake cin unguwa ba.

Za a ce ai ƙagaggen labari ne, nishaɗi ne. Nishaɗi ne ga wanda maita ta zame masa tarihi. Mu mun san yadda ake fito da tsohuwa tsakar gida a ce ta tsallaka mara lafiya ta saki kurwarsa, mun san yadda 'ya'yanta ke rasa mijin aure don an ce a nono ake sha. A watan Yulin 2020 aka lakaɗa wa Akua Denteh, 'yar shekara 90, duka kan zargin maita har ta mutu a Kafaba ta ƙasar Gana, kuma mata ne a gaba wajen dukan. Har yau akwai matan da aka zarga da maita a sansanin Gambaga na ƙasar da ba su isa su koma gida ba.

Mai son kare waɗannan mata ya rubuta su yadda suke: ba su da wani asiri, sharri aka yi musu, jama'a kuma suka tsaya kallo.