Tsufan Jirgin Yaƙi Da Makomar Gonakinmu

Jirgin yaƙi yana tsufa kamar yadda garma take tsufa, kuma shugaba na gari shi ne wanda ya tanadi magajinsa tun kafin ya gaza.

Mu dubi Amurka. Jiragenta da ke tashi daga kan manyan jiragen ruwa sun fi saurin gajiya, domin da ƙarfi ake cilla su sama, da igiyar ƙarfe ake tare su wajen sauka, ga kuma gishirin teku yana cin jikinsu. Jirgin F/A-18 Hornet, wanda ya fara aiki a 1983, an ƙera shi ne don ya yi awa 6,000 a sama. Tun yana da sauran ƙarfi aka kawo Super Hornet, daga baya F-35C, sa'an nan a 2019 sojojin ruwa suka janye shi daga fagen fama.

Nijeriya ba ta da irin waɗannan jiragen ruwa, amma darasin ya shafe mu. A 1984 an sayo jiragen Jaguar 18 da dukiyar al'umma, kafin shekara goma duk an ajiye su saboda rashin kayan gyara. Jiragen Alpha Jet kuwa, da aka sayo a farkon shekarun 1980, su aka ci gaba da turawa dazukan Zamfara da Katsina, har 'yan bindiga suka harbo guda a watan Yulin 2021.

Wa ya ɗauki asarar wannan sakaci? Manomin masara da auduga na Funtuwa da Malumfashi, da maƙwabtansa na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, waɗanda da yawansu suka bar gonakinsu na nesa don tsoron masu garkuwa da mutane.

An kawo Super Tucano 12 a 2021, an kuma yi odar M-346 guda 24 daga Italiya. Madalla. To amma saye ba shi ne ƙarshen amana ba. Wajibi ne wakilanmu a majalisa su tambayi hukuma: ina kuɗin gyara, ina makanikan da aka horar, kuma wace shekara kowane jirgi zai huta? Idan ba a amsa ba, abin da ya sami Jaguar shi zai sami waɗannan.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.