Saura Mataki Ɗaya, Ladan Ya Yi Kira

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, a makon jiya wani dattijo daga cikin ma'abota sahun gaba ya tsayar da ni a ƙofar masallaci bayan magariba. Ya ce a kan hanyarsa ta zuwa salla ya wuce ɗansa mai shekara 17 da abokansa uku a fadarsu, shayi na kan gawayi, kowa ya duƙufa a kan salula. Ya ce musu, "Ku tashi, an yi kira." Yaron bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, saura ɗaya." Aka idar da salla, ya komo ya tarar da su yadda ya bar su. Sai ya tambaye ni, "Malam, ɗayan mene ne ya saura?" Na ce masa ban amsawa sai na je na ji daga bakin masu abin, domin hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa.

Kashegari na zauna da samarin, suka yi mini bayani cikin ladabi. Wasan shi ne PUBG Mobile, wanda ya fito a salula a 2018. Ana zuba mutum 100 daga jirgin sama da lema a kan wani tsibiri, kowa ya nemi makami, filin kuma yana ta tsukewa har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Ƙungiya kan kai mutum huɗu, suna jin muryar juna ta intanet, kuma zagaye ɗaya yana iya cin kusan rabin awa. Abin da yaron ke nema wata lamba ce da suke kira Weapon Master, wato gwanin makamai. Ba a ko lissafa ta sai mutum ya kai wani matsayi mai suna Platinum. Daga nan sai ya kayar da abokan karawa ta hanya shida: da bindigar farmaki, da ƙaramar bindiga mai ruwan harsashi, da mai madubi ta harbin nesa, da mai watsa harsashi irin ta maharba, da abin jifa kamar gurneti, sannan ya banke wani da mota. Dukan shidan a cikin zagaye ɗaya tak. In aka kayar da shi yana kan na biyar, duk wahalar ta tashi a banza, sai ya koma farko. Ranar da mahaifinsa ya wuce, biyar ya cika, bayan makonni yana gwadawa.

Na fito daga wajensu da wani ra'ayi wanda wataƙila ba zai yi wa wasu iyaye daɗi ba. Mun saba cewa yaran yanzu ba su da haƙuri, ba su jure wahala, ba su riƙe karatu. To, yaron da ya haddace sharuɗɗa shida, ya san inda ake samun kowane makami, ya faɗi sau da yawa ya sake tashi, ya kuma tsare alƙawarin haɗuwa da abokansa a kan minti, ba a ce masa maras haƙuri. Haƙurin yana nan, himmar tana nan, wurin da aka kai su ne abin kuka. Wanda ya iya wannan ya iya farillan alwala bakwai da ke cikin Ahalari, ya kuma iya ƙabli da ba'adi, in ya ga dama.

Amma ba a nan matsalar ta fi tsanani ba. Dara da ludo da karta duk ana iya ajiye su a tafi masallaci a komo a tarar da su. Wannan wasa kuwa ba shi tsayuwa, domin sauran mutanen da ke cikinsa na gaske ne, suna wasu garuruwa da wasu ƙasashe, ba mai jiran ka. Wanda ya ajiye salula an kashe shi, matsayinsa ya ragu, abokansa su ji haushi. Saboda haka a ganina zamewar ta faru tun kafin ladan ya buɗe baki, a daidai lokacin da yaron ya danna shiga alhali rana ta yi ja. Ya san zagayen zai ci rabin awa, ya san magariba ta ƙarato, ya kuma san kansa cewa in ya shiga ba ya fita. Wanda ya ɗaure kansa da igiya da hannunsa ba ya kawo ɗaurin a matsayin uzuri.

Mu tuna abin da muka karanta a zaure. Allah Maɗaukaki ya sanar da mu a Suratun Nisa'i, aya ta 103, cewa salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Malamanmu na Malikiyya sun raba lokacin gida biyu, na zaɓi da na lalura, kuma wanda ya jinkirta salla zuwa na lalura ba da uzuri ba ya yi laifi, ko da sallar ta inganta. Uzurorin da suka ambata sanannu ne, irin su barci da mantuwa da suma da haila. Magariba ce ta fi kowace ƙunci, domin a mashahurin zance na mazhaba lokacinta na zaɓi gwargwadon abin da mutum zai yi tsarki ya suturta ya sallace ta ne bayan faɗuwar rana. Wato zagaye ɗaya na wannan wasa ya isa ya haɗiye shi ɗungurungum. Ban ma yi maganar darajoji 27 na jam'i ba, waɗanda suka wuce yaron yana zaune taku kaɗan daga masallaci.

Akwai abin da ya fi tsaya mini a rai. Ayar da ke gaban waccan, ta 102, a kan sallar tsoro take, wato sallar mayaƙa a fagen daga. Runduna ta kasu biyu. Kashi ɗaya ya bi liman raka'a ɗaya in ana halin tafiya, ɗayan yana fuskantar abokan gaba. Liman ya tsaya, na farko su cika sallarsu su tafi gadi, na biyu su zo su sami tasu raka'ar a bayansa. Haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi da sahabbai a Zatur Riƙa'i. In kuwa yaƙi ya yi zafi har ba halin sahu, aya ta 239 a Baƙara ta ba da damar a yi ta a tafe ko a kan abin hawa. A ranar Handaƙ, da mushirikai suka shagaltar da shi daga la'asar har rana ta faɗi, abin ya yi masa zafi ƙwarai har ya yi addu'a a kansu. Waɗancan takubban ƙarfe ne, jinin kuma na gaske, amma ba a ɗauke musu salla ba, sauƙaƙa siffarta kawai aka yi. To, da wane baki mai yaƙin hoto a tafin hannu zai ce a jira shi?

Ɗaya daga cikin samarin ya kawo hujjar da ta cancanci amsa. Ya ce, "Malam, ai mutum uku sun dogara da ni, in na fita na ci amanarsu." Na yaba masa da ya san nauyin amana. Sai dai alƙawarin da ke kai ga barin farilla ba a cika shi, kuma tun farko bai kamata a ƙulla shi ba. Akwai ma wani abu da ba su lura da shi ba. Agogon ƙasarmu ɗaya ne, amma rana tana faɗuwa a Damagaram kusan rabin awa kafin ta faɗi a Yamai, Maraɗi da Tawa suna tsakani. Ƙungiyar da ta haɗa Badamagare da mutumin Yamai, ɗaya yana ganin hasken rana ta taga, ɗayan an riga an tayar da iƙama a unguwarsu. Wanda magaribarsa ta fi saurin zuwa, da agogonsa ya kamata a yi aiki, wannan ita ce amanar da ke tsakanin abokai musulmi.

Na san za a cika mini akwati da tambaya ɗaya: halal ne ko haram? Akwai waɗanda suka haramta. Majalisar malaman lardin Ace a Indonesiya ta ba da fatawar haramci a 2019, a shekarar kuma majalisar dokokin Iraƙi ta kaɗa ƙuri'ar hana shi. A 2020 an sa wasu gumaka a cikin wasan waɗanda ɗan wasa ke rusuna musu don ya sami ƙarfi, musulmi suka yi ca, aka cire su aka ba da haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Ni dai fatawa ta gaba ɗaya na bar wa manyanmu. Abin da nake da yaƙini a kansa shi ne ƙa'idar da malamai suka bi tun zamanin da ake tambayar su game da wasan shaɗaranji, wanda Imamu Malik ya ƙi: duk wasan da ya fitar da salla daga lokacinta, ko caca ta shige shi, ba saɓani a kan haninsa. Caca kuwa tana kusa, domin ana sayen akwatuna da kuɗi na gaske ba tare da an san abin da zai fito ba. Yaron da ke zuba jaka biyu ko uku a wannan, iyayensa su bincika.

Ga iyaye, fasa salula bai cika magani ba, gobe zai ari ta aboki, ya ƙara da ɓoye muku. Ku tambaye shi minti nawa zagayensa ke ci, za ku sha mamakin yadda ya san lissafin. Da wannan lissafin nasa za ku kama shi.

Da shi na kama samarin can. Muka duba jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallaci, muka yi sharaɗi cewa in ya rage minti 40 a kira kowace salla ba mai danna shiga, kuma tsakanin magariba da lisha salula tana aljihu. Wanda ya karya shi zai sayi sukari da ganyen shayi na kwana uku. Mai neman lambar ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, in na kai biyar kuma aka yi kira fa?" Na ce masa in ya tsare minti 40 ɗin, kira ba zai same shi a ciki ba. In kuwa ya karya har ya same shi, ya ajiye ya tashi, biyar ɗin su tafi, sukarin ma yana kansa. Mahaifinsa ya gaya mini jiya cewa ya gan shi a sahu na uku magariba huɗu a jere, lambar kuwa har yanzu bai same ta ba.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.