Wasiƙa ga Masu Kula da Tafkin Gishiri: Ku Gwada Ruwa Kafin Ku Sayo Sitabilaiza

Zuwa ga 'yan'uwana masu sana'ar kula da tafkin ninkaya, na gidajen Maitama da Asokoro da na otal-otal ɗin Kano da Kaduna da Yamai.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta tafkin ruwan gishiri, musamman farin garin nan da muke kira sitabilaiza, wanda sunansa na ainihi sinadarin sayanurik, a jikin buhu kuma ake taƙaita shi da CYA. Na lura yawancinmu da ido muke zuba shi, ko kuma da abin da mai shago ya faɗa, alhali a duk kayan aikinmu babu wanda kuskure a kansa ya fi tsada.

Mu fara da abin da maigida kan faɗa yana alfahari: "Ai nawa tafkin ba na kulorin ba ne, na gishiri ne." Ku gaya masa cikin ladabi cewa ranka ya daɗe, na kulorin ne. Bambancin kawai shi ne a gida ake haɗa shi. Ruwan da aka narka wa gishiri yana bi ta cikin sel, wato bututun nan mai faranta na titaniyom da ke bayan filta, wutar lantarki ta fasa gishirin ta fitar da kulorin, kulorin ya yi aikinsa ya koma gishiri, a sake zagayowa. Yawancin injinan suna son gishiri wajen ppm 3,000, ruwan teku kuwa ya kai 35,000, shi ya sa da ƙyar harshe ke jin gishirin tafkin. Kada kalmar ppm ta ba ku tsoro: giram ɗaya a cikin lita 1,000 na ruwa, shi ne ppm ɗaya. Wanda ya riƙe wannan lissafin ya riƙe rabin sana'ar.

To ina matsalar take? Rana. Hasken rana yana fasa kulorin, kuma a tafkin da ba shi da sitabilaiza, cikin sa'o'i biyu zuwa uku na tsakar rana mafi yawansa ya tafi. Wanda ya saba da ƙwayoyin kulorin na TCCA bai taɓa damuwa da wannan ba, domin ƙwayar tana zuwa da nata sayanurik a jikinta. Kulorin ɗin da sel ke fitarwa kuwa tsurarsa yake fitowa, kaɗan-kaɗan, kuma sai famfo yana aiki. A nan ne halin da muke ciki ya shigo. A ɗauke wuta da hantsi, maigida ya hana tada janareta saboda tsadar dizal, ranar Maris ko Afrilu tana dukan ruwan har la'asar. Kafin magariba babu ɗigon kulorin a tafkin, kwana biyu a haka sai ka ga gansakuka ta fara kama bangon. Mai gyara sai ya murɗa injin zuwa ƙarshensa, ya cinye rayuwar sel ɗin da ya kamata ya yi shekara uku zuwa biyar ko fiye. Sitabilaiza yana riƙe kulorin ne, ya kare shi daga rana, yana sakinsa sannu a hankali. Saboda haka tafkin gishiri na waje ba ya yi sai da shi.

Amma riƙon nan da ke kare kulorin shi ne kuma ke rage masa ƙarfi, kuma nan nake so ku tsaya ku saurare ni. Idan sayanurik ya yi yawa, gwaji zai nuna maka akwai kulorin, amma kulorin ɗin a ɗaure yake, yana kashe ƙwayoyin cuta da gansakuka a makare. Ga shi kuma sayanurik ba ya tashi da tururi, rana ba ta cinye shi, filta ba ta kama shi. Kamar gishirin da ya zarce a miya yake: ba ka da dabarar tsamo shi, sai dai ka rage miyar ka ƙara ruwa. Tafkin da ya kai ppm 120 kana son ya dawo 60, sai an zubar da rabin ruwansa, kuma da ruwan nan gishirin da aka saya zai tafi. Ku lissafa kuɗin tanka, ku lissafa buhunan gishiri, sannan ku tuna fuskar maigida.

Adadin sayanurik da ake so a tafki na waje yana farawa daga ppm 30 zuwa 50, wasu kamfanonin injin gishiri kuma suna ba da shawarar 60 zuwa 80, don haka ku buɗe littafin injin da ke hannunku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce 100. Hukumar CDC ta Amurka ta ce inda ake amfani da sayanurik kada kulorin ya gaza ppm 2, inda babu shi kuwa ppm 1 ne mafi ƙaranci, ta kuma ba da shawarar kada a yi amfani da shi a bahon ruwan zafi. A ganina, da irin ranar da muke da ita, 50 zuwa 70 ya wadatar a tafkin gida, muddin ka riƙe kulorin aƙalla kashi 5 cikin 100 na adadin sayanurik ɗin: idan yana 60, kada kulorin ya sauka ƙasa da 3. Tafkin otal da yara ke cika shi kuwa, ku tsaya a ƙasa-ƙasa, domin ranar da yaro ya yi zawo a ruwa kana buƙatar kulorin mai cizo nan take, kuma ƙwayar cutar kiriptosiforidiyom tana da taurin rai ko babu sitabilaiza, balle da shi. Tafkin da ke cikin ɗaki, rana ba ta taɓa shi, bai buƙatar ko cokali ɗaya.

Gwajin takarda da ake tsomawa yana da sauri, amma a kan sayanurik launukansa suna ruɗa ido. Ku nemi gwajin baƙin ɗigo. Za ka haɗa ruwan tafki da ruwan gwajin daidai wa daida, ka girgiza, ka ga ya yi fari-fari. Sai ka fita waje, ka juya wa rana baya, ka riƙe siririn bututun a daidai ƙugunka, kana zuba haɗin kaɗan-kaɗan kana leƙa baƙin ɗigon da ke gindinsa. Inda ɗigon ya ɓace maka gaba ɗaya, nan za ka karanta lambar da ke jikin bututun. Maimaita sau biyu. Duk wanda aka ba shi tafkin da aka daɗe ana ciyar da shi da ƙwayoyi sannan aka sa masa injin gishiri, ya fara da wannan gwajin kafin ya taka ƙafa kasuwa, domin kowane ppm 10 na kulorin daga TCCA yana barin ppm 6 na sayanurik a ruwa. Sau da yawa irin wannan tafkin ragi yake nema, ba ƙari ba.

Lissafin sayen mai sauƙi ne. Tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, matsakaicin zurfi mita ɗaya da rabi, yana cin lita 48,000. Gwaji ya nuna 20, kana son 60, saura 40 ke nan. Ninka 40 sau 48, ka sami giram 1,920, kusan kilo biyu. Kada ka zuba duka. Fara da kashi biyu cikin uku, ka jira mako guda, ka sake gwadawa.

A kasuwa kuwa, farin gari duk kama yake yi da juna, kuma araha ba ta ado. Kada ku karɓi abin da aka ɗebo aka ƙulla a leda babu suna. Ku nemi buhu ko bokiti mai rubutu, wanda ya nuna tsarkinsa ya kai kashi 98 ko fiye, da lambar sinadarin 108-80-5. Sayanurik na gaskiya ba ya warin kulorin. Idan ka buɗe wari ya doki hancinka, to kulorin ne, TCCA ko SDIC, aka miƙo maka. Sayanurik yana da nauyin narkewa, don haka garin da ya ɓace a kofin ruwa nan da nan abin zargi ne. Akwai na ruwa, ya fi saurin aiki, ya fi tsada.

Wajen zubawa, kada a watsa shi a tafki. Zai kwanta a ƙasa ya yi kwanaki, kuma da yake asid ne yana iya ɓata shafen. Ɗura shi a tsohuwar safa, ka ɗaure bakinta, ka rataye a gaban bututun da ke dawo da ruwa, kana matsa ta lokaci-lokaci har ta saki, famfo yana aiki. Ka bar wanke filta na wasu kwanaki, in ba haka ba ka zubar da kuɗin maigida a kwata.

Sauran ma'aunan zan bi su a gurguje, don kun san su. A tafkin gishiri pH hawa yake yi kullum, saboda kumfar da sel ke tayarwa. Ku riƙe shi tsakanin 7.2 da 7.8 da asid, ku bar alkaliniti wajen 60 zuwa 80 don hawan ya lafa. Ku tuna kusan sulusin adadin sayanurik yana shiga cikin abin da gwajin alkaliniti ke nunawa, sai an cire shi. Kalsiyom ya zauna tsakanin 200 da 400. Idan ya yi yawa ga pH a sama, za ka kwance sel ka tarar da farin ɓawo ya toshe tsakanin farantan. Jiƙa shi a ruwa kashi huɗu, asid kashi ɗaya, asid ake zubawa a kan ruwa, kada a juya. Kada wuƙa ko waya ta taɓa farantan, shafen da ke jikinsu shi ne kuɗin. Ruwan rijiyar burtsatse kuma a gwada shi tun kafin ya shiga, domin wani yana ɗauke da ƙarfe, da ya haɗu da kulorin sai tafki ya koma ruwan ƙasa.

Gishiri, a sayi tsantsa marar ayodin. Manda da gishirin Bilma suna da wurinsu a wajen dabbobi da girki, ba a cikin sel ba. Da damina, tafkin da ya tumbatsa yana zubar da gishiri da sayanurik tare, sai a gwada su duk wata. Da hunturu kuwa ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana sauka a ruwa ta cinye kulorin ta toshe filta. Wannan aikin burushi ne da ƙarin awannin famfo, ba na sitabilaiza ba. Idan tafki ya riga ya yi kore, a buge shi da kulorin na ruwa ko garin kulorin na HTH, ban da ƙwayoyi.

Roƙona na ƙarshe a kan ɗakin ajiya ne. HTH da TCCA kada su haɗu a bokiti ɗaya ko ludayi ɗaya, suna iya kama wuta. Asid ya zauna nesa da duka biyun, domin hayaƙin haɗuwarsu yana illata huhu. Kowa kuma ya ajiye ɗan littafi a ɗakin famfo yana rubuta kwanan wata da sakamakon gwaji da abin da ya zuba, ko don yaron da zai karɓe shi ranar da ya tafi gida Sallah.

Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare mu da iyalanmu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.