Dizal ko Fetur: Wace Motar Hannu ce Ta Dace da Mai Saye?

Gabatarwa

Mafi yawan ƙananan motocin da ke kai da kawo a titunan Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, ba sababbi aka sayo su ba. Sun ci rabin zamaninsu a Turai ko Amurka ko Japan kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano ko Lome. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, waɗannan yankuna uku sun fitar da ƙananan motocin hannu har miliyan 14, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Ga malamin makaranta ko ƙaramin ma'aikaci, sayen irin wannan mota babban al'amari ne, domin sau da yawa adashin shekaru yake tattarawa ya miƙa wa dillali a yini guda. In ya dace, ta yi masa hidima shekara da shekaru. In kuwa bai dace ba, sai ta ƙare a ƙofar gida bisa duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Ɗaya daga cikin tambayoyin da ke gabansa ita ce: mai shan fetur zai saya, ko mai shan dizal, wanda a kasuwa aka fi sani da gas? Dillalai kan yabi ta dizal da cewa ba ta shan mai, kuma injinta ba ya mutuwa. Akwai gaskiya a wannan magana, sai dai gaskiya ce da ta shafi wani irin inji na wani zamani. Matsayin wannan maƙala shi ne, ga mai zirga-zirgar cikin gari, motar fetur ta fi dacewa. Ta dizal kuwa ta mai doguwar tafiya ce da ɗaukar kaya.

Yadda Injinan Biyu ke Aiki

Jamusawa biyu ne suka kafa tushen waɗannan injina. Nikolaus Otto ya ƙera injin mai bugu huɗu a 1876, wanda shi ne kakan injin fetur na yau. Rudolf Diesel kuwa ya samu nasarar tayar da nasa a birnin Augsburg a 1897. A cikin kowannensu fistin yana hawa da sauka a cikin silinda a matakai huɗu: shaƙar iska, matsa ta, ƙonewar mai, sannan fitar da hayaƙi. Bambancinsu yana wajen kunna wutar.

Injin fetur yana gauraya mai da iska, ya matsa su har su koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan fulogi ya ƙyasta wuta. Injin dizal ba shi da irin wannan fulogi. Iska zalla yake shaƙa, ya matse ta zuwa kashi ɗaya cikin 16 ko ma cikin 20, har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas. A nan ne nozul ke feso mai, shi kuwa ya kama da wuta da kansa. Duk ɗalibin da ya taɓa hura tayar keke ya ji gindin famfon ya yi zafi, ya riga ya ga wannan ƙa'ida da idonsa: iska in an matsa ta, ɗumama take yi.

Abubuwa biyu ne suka sa dizal ya fi tsimin mai. Na farko, lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur makamashi da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Na biyu, gwargwadon yadda aka matse iska, gwargwadon nisan da hayaƙin mai zafi zai tura fistin kafin ya fita, wato ƙarin zafi ke komawa motsi. Idan aka haɗa biyun, motar dizal kan rage shan mai da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a kan takwararta ta fetur. Haka kuma, tun da matsin yana da yawa, tilas a yi injin da ƙarfe mai kauri, kuma yana ba da ƙarfin ja tun bai ɗauki gudu ba. Dalilin da ya sa ke nan tireloli da taraktoci da jiragen ƙasa suke amfani da shi.

Dizal na Jiya da na Yau

Sunan da dizal ya yi a ƙasar Hausa, tsofaffin injina ne suka sayo masa. Marsandi samfurin 240D, wadda aka ƙera tsakanin 1976 da 1985, da Toyota Land Cruiser mai injin lita 4.2 da ya fito a 1990, wadda direbobin Agadas ke keta hamada da ita, duk famfon mai na ƙarfe zalla gare su, ba kwamfuta. Suna haƙuri da mai maras kyau, kuma makaniki mai sufana da basira yana iya gyara su a ƙarƙashin bishiya.

Daga 1997 aka fara sanya wa ƙananan motoci sabon tsarin fesa mai, inda famfo ke tara dizal a bututu guda, kwamfuta kuma tana buɗe kowane nozul. Matsin da ke cikin wannan bututu kan kai bar 2,000, alhali tayar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka. Ƙofofin nozul ɗin kuwa ba su fi kaurin gashin kai da yawa ba. Wannan ya sa injin ya yi shiru, ya ƙara ƙarfi, amma ya zama ɗan lele: ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙura a cikin mai suna iya kassara shi.

Sannan dokokin hayaƙi na Tarayyar Turai suka ƙaro masa kaya. Daga 2009, ƙa'idar da ake kira Euro 5 ta sa kusan kowace sabuwar motar dizal ta zo da matata a cikin salansa, wadda ke tare kunkunniya. Daga 2014 kuma, ƙa'idar Euro 6 ta sa motoci da dama suka samu ƙaramin tanki na ruwan yuriya, wato sinadarin nan da manoma suka sani a takin zamani, domin rage wasu iskoki masu cutarwa.

Matatar kunkunniyar nan ita ce babbar matsalar mazaunin gari. Idan ta cika, dole ta ƙone abin da ta tara, kuma hakan na bukatar zafin da ya kai wajen digiri 600, wanda ba ya samuwa sai motar ta miƙe hanya tana gudu na kamar minti 20. Malamin da tafiyarsa kullum ita ce daga gida zuwa makaranta, kilomita biyar cikin cunkoson Keke Napep, ba zai taɓa ba ta wannan dama ba. Sannu a hankali sai ta toshe, ƙarfin motar ya ragu, fitilar gargaɗi ta kama. Abin da akasari ke biyo baya shi ne a fasa matatar a yar, motar ta ci gaba da tafiya tana tuttuɗa baƙin hayaƙi.

Ya kamata mai saye ya tambayi kansa dalilin da ya sa motocin dizal na Turai suka yi araha. A watan Satumba na 2015 hukumomin Amurka suka gano cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi, abin da ya shafi motoci kimanin miliyan 11 a duniya. A 2018 wata babbar kotun Jamus ta ba birane ikon hana tsofaffin motocin dizal shiga wasu tituna, birnin Hamburg kuma ya fara. Dizal, wanda a wajajen 2011 ya haura rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Turai, ya faɗo ƙasa da kashi 15 cikin ɗari a 2024. Abin da masu shi suka juya wa baya, shi ake neman kasuwar da za a sauke shi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Man da Motar za ta Sha

An ƙera injin dizal na zamani ne domin man Turai, wanda tun 2009 doka ta ƙayyade farar wutar da ke cikinsa ga kashi 10 cikin miliyan. A Nijeriya, shekaru da dama ƙa'idar ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince a sauko zuwa kashi 50, kuma a farkon 2024 matatar Dangote ta fara fitar da dizal, kamar yadda matatar Damagaram take yi tun 2011. An samu ci gaba, amma direban da ya tsaya a gefen hanya ya sayi mai a jarka ba shi da abin auna ingancinsa. Farar wuta mai yawa tana lalata kayan tace hayaƙi, kuma tana gurɓata baƙin mai da wuri. Mafi muni shi ne algus da kananzir: dizal shi ne ke shafe cikin famfonsa da maiƙo, kananzir kuwa ba shi da isasshen maiƙo, don haka ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe.

Shi ma fetur bai tsira ba. A watan Fabrairu na 2022 an shigo Nijeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya kuwa lalata motoci da dama. Bambancin yana wajen gyara. Fulogi da famfon tanki da nozul na fetur suna da sauƙin kuɗi, kuma sun cika kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, domin yawancin motocin da ke shigowa daga Amurka na fetur ne. Gyaran nozul na dizal na zamani kuwa sai da na'urar gwaji da ɗaki mai tsabta, abin da ba kowane gari ke da shi ba.

Lissafin Aljihu

An daɗe da janye tallafin dizal a Nijeriya, shekaru masu yawa kafin a janye na fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. A 2022 lita ɗaya ta dizal ta tashi daga wajen Naira 300 zuwa wajen Naira 800, alhali fetur na ƙasa da Naira 200. Tun da farashi ba ya zama wuri ɗaya, ya fi kyau ɗalibi ya riƙe hanyar lissafin.

A ƙaddara motar fetur na shan lita 8 a kowace kilomita 100, ta dizal kuma lita 6. Idan aka raba 8 da 6, za a sami 1.33. Ma'ana, matuƙar kuɗin dizal bai ɗara na fetur da sulusi ba, mai dizal yana da riba a wajen mai. A sake ƙaddarawa fetur Naira 1,000 ne, dizal kuma Naira 1,200. Wanda ke tafiyar kilomita 10,000 a shekara zai kashe Naira 800,000 a fetur, ko Naira 720,000 a dizal. Rarar ke nan Naira 80,000, wadda gyara guda na famfo zai iya lanƙwamewa. Direban hayar da ke cin kilomita 50,000 tsakanin Kano da Maiduguri kuwa, rararsa Naira 400,000 ce, kuma doguwar hanyar tana share masa matatar salansa kyauta. Mota ɗaya, mai ɗaya, amma sakamako biyu. Malaman lissafi na iya ba ɗalibai wannan aiki da farashin gidan man unguwarsu.

Akwai kuma wata ƙofa da ke buɗe ga mai fetur. Tun da injinsa na da fulogi, ana iya juya shi ya yi aiki da matsattsiyar iskar gas, wadda gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da shirin yaɗa ta a 2023. Juya injin dizal ya fi wannan wuya da tsada nesa ba kusa ba.

Hayaƙi da Lafiyar Jama'a

Masu goyon bayan dizal na da hujja guda mai ƙarfi: ko da yake lita ɗaya ta dizal na fitar da kimanin kilo 2.6 na iskar kabon-dayokzayid, ta fetur kuma kilo 2.3, ƙarancin shan mai kan sa jimillar ta dizal ta zama ƙasa. Amma huhun ɗan'adam da wani abu daban yake fama. Hayaƙin dizal na ɗauke da ƙananan ɓurɓushin kunkunniya da ke kutsawa can cikin huhu, da iskokin naitirojin masu tayar da asma. A watan Yuni na 2012, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ta huhu. Motar da aka cire wa matata, yaran da ke tallar ruwa a bakin titi da 'yan makarantar da ke jiran tsallakawa su ne ke shaƙar abin da matatar ya kamata ta tare, ga shi kuma ƙurar hunturu ta riga ta cika iska.

Kammalawa

Kafin mai saye ya miƙa kuɗi, tambayoyi uku sun ishe shi: kilomita nawa zai yi a shekara kuma a wace irin hanya, ina zai riƙa shan mai, kuma wane makaniki ne a garinsa ya san wannan inji? Wanda amsarsa ita ce doguwar hanya da kaya mai nauyi da gidan mai amintacce da ƙwararren mai gyara, dizal zai biya shi. Ya je da makanikinsa da sassafe a tayar da injin yana sanyi, a dubi launin hayaƙi, a jona na'urar gwaji, a kuma tabbatar matatar salansa na nan. Wanda kuwa tafiyarsa ba ta wuce makaranta da kasuwa da asibiti da ziyarar Salla, to ya nemi motar fetur mai ƙaramin inji, irin wadda kayan gyaranta ke jibge a kasuwar garinsu. Abin da zai ƙara a kuɗin mai, zai same shi a kwanciyar hankali.