Alkamar kasuwa ba iri ba ce

Manoman Ƙonni da Jiratawa, ku saurara. Lokacin huren alkama gado ne, yana cikin ƙwaya. Wata alkamar Turai sai ta sha makwanni cikin sanyi mai tsanani kahin ta yi kai. A nan, ganye kawai za ta ba ku. Shi ya sa ba ni son mutum ya auno alkama a kasuwa ya shibka, bai san asalinta ba.

Irin da ya saba da ƙasarmu ma yana da lokacinsa. Shibkar Nuwamba tana hure bayan wata biyu, cikin sanyi. Ta Janairu kuwa sai ta gamu da Maris. Zahin da ya wuce digiri 30 yana lalata bununi, zangarniya ta hito ba tsaba, ruwa da taki sun tahi banza. Ku nemi iri a gidan gona tun Oktoba.