A Ba Samarin Lafiya Filin Tseren Babur

Duk wanda ya taɓa rakiyar amarya a Lafiya ya san abin da zan faɗa. Motoci na tafe a jere, mata na rangaɗa guɗa, sai ka ji ƙara ta taso daga baya. Samari ne a kan babura, an huda salansa don ta yi ruri. Wani ya kwanta rub-da-ciki a kan kujera, ƙafafu a miƙe ta baya. Wani ya ɗaga tayar gaba sama. Wani ya karkata har ƙarfen babur yana kartar kwalta, wuta na tartsatsi. Silifas ne a ƙafarsu, kai kuma a buɗe. Tun da aka faɗaɗa hanyar Akwanga zuwa Makurɗi, wadda ta ratsa garin nan, abin ya ƙara samun wurin zama, domin sabuwar kwalta kiran totur take yi.

Ni malamin sakandare ne, gidana ba nisa da titin Shendam, kuma cikin masu wannan wasa akwai waɗanda na koyar. Ɗaya daga cikinsu, yaro mai kan lissafi, ya karye a cinya ranar bikin abokin yayansa. Tsoron kuɗin asibiti ya sa aka kai shi wurin mai ɗori, ƙafar ta haɗe a karkace, jarrabawar fita ta wuce shi yana kwance. Da na je gaishe shi, yana kan tabarma a zaure, ya ce mini: "Malam, wallahi na iya. Mai Keke Napep ne ya shigo mini." Duka biyun gaskiya ne. Ya iya, kuma titin ba nasa ba ne shi kaɗai.

Ra'ayina shi ne a kori wannan wasa daga kan titi ba sani ba sabo, sannan a ba shi fili nasa. Ɗaya ba ya tafiya sai da ɗayan. An sha kama babura, an sha yin gargaɗi a masallatai da rediyo, bayan mako biyu kuma sai a koma gidan jiya. Yaro mai shekara goma sha bakwai da jininsa ke tafasa zai nemi inda zai gwada kansa, ko mun so ko mun ƙi.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane haka. Akwai tseren da ake kira speedway, wanda ya yi ƙarfi a Ostireliya tun shekarun 1920, ya bazu zuwa Ingila, yau kuma ƙasar Folan ce cibiyarsa. Filinsa doguwar da'ira ce ta ƙasa, tsawonta bai wuce mita 425 ba. Mutum huɗu ke fita lokaci ɗaya, su yi zagaye huɗu, cikin kamar minti guda an gama. Na ɗaya maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Babur ɗin giyarsa ɗaya, kuma ba shi da birki ko kaɗan. Idan mahayi ya iso kwana, sai ya jefa tayar baya gefe, ya sa ƙafar hagu a ƙasa da takalmi mai ƙarfe, ya zame yana watsa ƙasa har ya fita. Da na fara ganin wannan a waya, yaran titinmu ne suka faɗo mini a rai, domin irin karkatar da suke nema ke nan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matakalar da aka gina wa yara. Hukumar wasannin babur ta duniya, FIM, tana da gasar manya da ta fara a 1995, inda ake hawa injin mai cc 500. A ƙarƙashinta akwai SGP2 ta 'yan ƙasa da shekara 21, sai SGP3 ta matasa da ƙaramin inji mai cc 250. A 2023 aka ƙaro SGP4 domin ƙananan yara, da babur mai cc 190 wanda Tony Rickardsson na Suwidin, zakaran duniya har sau shida, ya jagoranci ƙirarsa. Babu mai miƙa wa yaro injin da ya fi ƙarfinsa. A babbar gasar ƙungiyoyi ta Folan kuwa, doka ce kowace ƙungiya ta saka matasa 'yan ƙasa a jerin mahayanta. Ta wannan hanya Bartosz Zmarzlik ya bi: ya ci kambun matasa na duniya a 2015, ya ci na manya karon farko a 2019, ya kuma yi ta maimaitawa.

Na san abin da dattawa za su ce, kuma ina girmama shi: wannan jefa kai ne cikin halaka. Wasan yana da haɗari, ba na ɓoyewa. Darcy Ward na Ostireliya, wanda ya ci kambun matasa a 2009 da 2010, ya faɗi a wani tsere a Folan a 2015, ya samu rauni a laka, tun daga nan yake kan keken guragu. Amma ya faɗi ne sanye da hular kwano da rigar kariya, likita na tsaye a bakin fili, kuma babu 'yar tallar gyaɗa ko tsoho mai tsallaka titi da ya tafi da shi. Namu yaran suna faɗuwa ne tsakanin tirela da kwalbati, su kwashi wanda bai ji ba bai gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Dokar hular kwano da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa a Janairun 2009, a tsaya a shataletalen tsakiyar gari a ƙirga masu bin ta.

Iyayenmu da suka ga samari na son sakin linzami, filin sukuwa suka ware musu, aka san rana, aka san iyaka, sarakuna na zaune suna kallo.

Wasu kuma za su ce ana fama da abin sawa a bakin salati, ina kuɗin wasa? Ba na kiran a sayo baburan Turai masu shan man metanol. Da Bajaj da roba-roba da ke hannun yaran za a fara, da birkinsu, a cire madubi da fitila. Fili ne kawai a bayan gari, ta wajen Kwandere ko hanyar Doma, a baje shi da gireda, a kewaye da tsofaffin tayoyi da buhunan yashi, a riƙa yayyafa ruwa saboda ƙura. Sharuɗɗan su ne za su yi aikin: ba hular kwano, ba hawa, sai da sa hannun uba ko waliyyi, a raba mahaya bisa shekaru, motar asibiti ta iso kafin a ɗaga tuta. Sharaɗin da na fi so shi ne, duk wanda aka kama yana ganganci a kan titi, a hana shi shiga fili tsawon shekara. Yaron da ke jiran a kira sunansa a lasifika ranar Asabar zai ji tsoron wannan fiye da tara.

Makanikan babur na garin nan su ma za su samu rabonsu, don kowane mahayi sai da mai gyara a bayansa, kuma sun fi kowa sanin waɗanne yara ne ke wannan harka.

Gwamnatin jihar Nasarawa tana riƙe da Nasarawa United da Nasarawa Amazons, tana kula da filin wasa na Lafiya, saboda haka ta san darajar wasa. Ina roƙon ma'aikatar matasa da wasanni ta zauna da Hukumar Kiyaye Haɗurra, da ƙungiyar 'yan acaɓa, da wakilan fadar Mai Martaba Sarkin Lafiya, a ware fili ɗaya a gwada na rani guda. Ku kuma iyaye, kafin a kai ga haka, ranar biki ku karɓe makullin babur daga hannun yaranku.