Amurka: Takaddama kan ƙara wa motocin a-kori-kura ƙarfi

A watan Disamban 2023, ma'aikatar shari'a ta Amurka ta bayyana cewa kamfanin Cummins mai ƙera injuna ya amince zai biya tarar dala biliyan 1.675.

An zargi kamfanin da sanya manhajar kauce wa gwajin hayaƙi a injunan motocin a-kori-kura samfurin Ram kimanin 630,000 na shekarun 2013 zuwa 2019. Kamfanin dai bai amsa laifi ba.

Sai dai batun ya wuce kamfani guda, domin ya taɓo wata al'ada mai tushe a Amurka, wato yi wa motocin dizal kwaskwarima don ƙara musu ƙarfi.

Injuna uku ne suka mamaye wannan kasuwa: Cummins mai silinda shida a jere a motocin Ram, da Power Stroke na Ford, da Duramax na General Motors, masu silinda takwas-takwas.

Kowane da tsarinsa, kayan wani ba sa shiga wani. Ko a inji guda ma, taɓa sashe ɗaya kan tilasta taɓa saura.

Idan aka sa babbar turbo, na'urar da ke cusa iska cikin inji, sai an sauya nozul da famfon mai, an kuma sake saita ƙwaƙwalwar motar. Ƙarfin da ya ƙaru kuwa akwatin giya yake faɗa wa, wanda ba a ƙera shi don wannan nauyi ba.

Injin Ford mai lita 6.0 na shekarun 2003 zuwa 2007 ya zama abin misali. Kusoshi huɗu ne kawai ke kewaye da kowace silinda, saboda haka gasket ɗinsa kan ƙone idan aka matsa masa.

Dokokin hayaƙi sun ƙara ɗaure lamarin. Tun daga 2007 ake sa wa waɗannan motoci matatar baƙin hayaƙi a salansa, wadda ƙwaƙwalwar motar ke lura da ita. Masu motoci da dama kan cire ta, suna kukan tsadar gyara da yawan lalacewa, ko da yake dokar tsabtace iska ta haramta hakan.

Wani rahoton hukumar kare muhalli ta Amurka na 2020 ya ƙiyasta cewa an yi wa motoci fiye da 550,000 haka cikin shekaru goma, abin da zai ƙara sama da tan 570,000 na iskar da ke cutar da huhu.

Siyasa ma ta shigo ciki. A watan Nuwamban 2025, Shugaba Donald Trump ya yi afuwa ga wani makanike na jihar Wyoming da aka ɗaure kan wannan laifi.

To amma afuwa ba ta sauya yadda aka ƙera inji. Wanda ya ƙara wa motarsa ƙarfi na iya rasa garantin kamfani, kuma kuɗin gyara daga aljihunsa za su fito.